Muhawara: babbar kwamfuta za a fara saya, ko mutane za a fara koyarwa?

'Yar Mabera: Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa ɗalibai. Don Allah ina neman shawara, kaina ya ɗaure. Ina digiri na biyu, aikina a kan ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani ne. Na ware samfuri 24, muka haɗa kuɗi da ƙyar aka tura waje aka karanto jerin haruffan gadonsu. Sakamako ya iso tun makonni uku da suka wuce, fayiloli ne kusan gigabait 10. Na buɗe ɗaya, ba komai ciki sai A, C, G, T layi bayan layi kamar tururuwa. Na kalli bidiyo na sa SPAdes, manhajar da ke haɗa gutsattsarin haruffan su zama cikakken gado, a laftof ɗina mai ram 4, ta yi ta huci har na aza ta bisa tire na sa mata fanka, bayan awa biyu ta ɗauke. Sau uku ke nan. Wani ya ce in turo masa fayilolin da kuɗi ya yi min komai har da zane. Malamina kuma ya ce shi wannan ɓangaren ba fanninsa ba ne. Ina zan sa kaina?

Ɗan Runjin Sambo: Wa alaikumus salam. Ƙanwata ki biya a yi miki ki wuce wurin. Digiri kika zo nema. Mu ma haka muka yi, ga shi mun gama lafiya lau.

Hajiya Dakta: Lafiya lau ɗin nan ina da ja a kansa. Na zauna a kare kundi inda aka tambayi ɗalibi me ya sa wannan reshen bishiyar dangantakar ƙwayoyin ya rabu da wancan, ya tsaya yana kallon silin. Zanen ya yi kyau, launi har huɗu, amma bai san ko wace manhaja ta fitar da shi ba. 'Yar Mabera, kada ki ba kowa fayilolinki tukuna. Ki buɗe asusu a Galaxy, shafin intanet na nazarin bayanan gado, kyauta ne, akwai na Turai akwai na Amurka. Lissafin a kwamfutocinsu ake yi, taki laftof ɗin taga ce kawai da za ki leƙa. Ki fara da FastQC ki ga ingancin abin da aka aiko miki, ki datse gefen da ya lalace, sannan ki haɗa da SPAdes ɗin nan da ya gagare ki a gida. Ƙwayar bakteriya haruffa miliyan 5 ne ko kusa da haka, ba wani babban kaya ba ne. In kin haɗa, ki kai ResFinder ya nuna miki ƙwayoyin gadon bijirewa da ke ciki.

'Yar Mabera: Na gode Mama. Amma ɗora gigabait 10 da datar waya fa?

Hajiya Dakta: Da dare, kashi-kashi. Samfuri biyu yau, biyu gobe. Haka na yi nawa.

Injiniya Arkilla: Kun ga inda gizo ke saƙar. Ɗaliba a Sakkwato za ta raba dare tana ɗora fayil zuwa Jamus saboda babu inji guda a kusa da zai yi mata aikin minti arba'in. Ni dai ra'ayina a fili yake: kowace jami'a mai koyar da kimiyyar halitta ta mallaki babbar kwamfutar bincike tata. Afirka ta Kudu sun ƙaddamar da babbar kwamfutarsu Lengau a 2016 a Kef Tawun, masu bincike daga ko'ina a ƙasar suna shiga daga ofisoshinsu su jera aiki a layi. Mu me ya hana mu?

Tsohon Ma'aikacin Lab: Injiniya, bari in ba ka labarin abin da na gani da idona a wata makaranta da na yi aiki, ba zan kama suna ba. An kawo irin injin da kake faɗa, cikin akwatin katako, sai da majiya ƙarfi shida suka shigar da shi. Aka yanka kirtani, aka ɗauki hoto, aka sha lemo. Ɗan kwangila ya kunna, fitilu suka yi ta walƙiya, ya karɓi takardarsa ya tafi. Da kalmar sirrin ya tafi, wallahi. Wata biyu ana neman lambarsa. Da aka samu, sai hunturu ya shigo, tagar ɗakin ba ta rufuwa sosai, ƙura ta toshe fankokin. Da bazara ta kama, esin ɗakin ya mutu, aka rubuta takarda ana neman kuɗin gyara, takardar ta yi ta yawo daga tebur zuwa tebur. Ranar da na shiga ɗakin na ƙarshe, an lulluɓe injin da leda, masinja ya jingina tabarmar sallarsa a jiki, butarsa na sama. Ko aiki ɗaya ba a taɓa yi da shi ba. An sayi doki ba a tanadi ciyawa ba, ba a kuma ɗauki mai kiwo ba.

Injiniya Arkilla: Wannan sakaci ne Baba, ba laifin inji ba ne.

Tsohon Ma'aikacin Lab: Ai ban ce laifinsa ne ba ɗana. Ka dai faɗa min wa zai riƙe makullin.

Baba Farfesa: Salamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku ban tanka ba. Ɗiyata 'Yar Mabera, Allah shi yi miki albarka da kika tambaya ba ki ɓoye ba. Ina son yaran ga su san abin da ya sa zancen ga ba na ado ba na. Ku tuna sanƙarau. Shekaru da yawa nau'in A shi ad damuwarmu, har anka kawo rigakafin MenAfriVac, Najeriya ta fara shi 2011, A ɗin ya ja da baya. Sai ga nau'in C ya ɓullo nan jihar tamu 2013, wani sabon iri da ba a san shi ba, wanda anka yi ma lamba ST-10217. Zuwa 2017 ya game Zamfara da Sakkwato da maƙwabta, waɗanda anka yi zaton sun kamu sun wuce 14,000, waɗanda sunka rasu sun wuce 1,000. To wa ya gane sabon iri na? Samfurin namu na, ɗiyanmu anka ɗebo ma ruwan baya, amma can Oslo ta ƙasar Norway anka karanta gadon ƙwayar. Su sunka gano cewa asalinta wata ƙwaya ta mai zama maƙogwaron mutane ba ta cutarwa, sai ta samo ƙwayoyin gadon da ka gina mata kwanso, ta koma mai kisa. Duk gadon ƙwayar sanƙarau haruffa miliyan 2 da 'yan kai na. Laftof mai ɗan ƙarfi tana iya wa wannan aiki. Abin da munka rasa lokacin mutum na, wanda ya san mi zai tambayi haruffan. Yau ga rigakafin Men5CV mai kare nau'i biyar, Najeriya ta riga kowa fara shi 2024, amma ƙwaya ba ta daina sauya riga ba. Ranar da wata sabuwa ta fito Gwadabawa ko Tangaza, ina son a ce nan garin anka fara gane ta.

Ɗan Runjin Sambo: Allah shi ƙara ma Baba lafiya. Na janye maganata ta farko, rabi dai.

Likitan Dabbobi: Ranka ya daɗe Farfesa, na yarda da kai a kan ƙwayoyin cuta, amma a bar mu mu ma mu yi kuka. Ku masu bakteriya kuna da sauƙi. Jar akuyar Sakkwato da fatarta ta yi suna har ake kiranta fatar Maroko a Turai, gadonta haruffa kusan biliyan 3 ne, daidai da na ɗan Adam. Haka saniyar Gudali. In aka karanta dabba ɗaya da kyau, fayil ɗin na iya kai gigabait 100. Ku yi lissafi da ni: layin intanet mai gudun megabit 10 a daƙiƙa, in bai yanke ba ko sau ɗaya, zai ɗauki awa 22 kafin ya ɗora dabba ɗaya. Ni kuma akuya 30 nake son kwatantawa in ga me ya sa wasu ke jure zafi da ƙishirwa. Gurbin da Galaxy ke ba mutum kyauta gigabait 250 ne. Ke nan akuya biyu da rabi. Don haka kada a ce inji ba shi da amfani.

Ɗan Gidan Igwai: Rabin akuyar a kawo mana nan mu yi balangu.

Mai Kula da Zaure: Ɗan Gidan Igwai, a yi hattara, manya na magana.

Malam Mai Shakka: Ni fa duk wannan zancen yana ba ni mamaki. Ɗakin gwajin da ɗalibai arba'in ke layi a kan madubin ƙara girma ɗaya, ruwan famfo sai an sayo a kura, sinadarin rini ya ƙare tun zangon da ya wuce, shi ne za mu zauna muna maganar babbar kwamfuta? Wanda bai iya shuka ƙwaya a faranti ba tare da ta gurɓata ba, me zai karanta? A gyara tushe tukuna.

Hajiya Dakta: Malam, rabin maganarka gaskiya ce, samfuri mara tsabta sakamako mara tsabta yake bayarwa. Sai dai ka duba ta wannan gefen. A duk fannonin kimiyyar halitta, wannan na nazarin bayanan gado da kwamfuta, wato bioinformatics, shi ne kaɗai wanda talaka zai iya shiga ba tare da sayen sinadari ba. GenBank tun 1982 ake tara jerin haruffa a cikinsa, kowa na iya saukewa kyauta. BLAST, mai kwatanta jerin haruffanka da waɗanda ke rumbun, tun 1990 yake aiki, ko a waya yana buɗewa. Ɗalibin da ba shi da kuɗin sayen faranti zai iya sauke gadon ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, haruffa miliyan 23 da aka wallafa tun 2002, ya yi nazari na gaske a kai. Akwai dubban samfurori daga Afirka ta Yamma zube a rumbunan nan, waɗanda suka tara su tambaya ɗaya suka yi musu suka wuce. Ni ina ganin rashin kayan lab ɗin ma hujja ce ta a koyar da wannan.

Malam Mai Shakka: To wa zai koyar? Ke kaɗai?

Hajiya Dakta: Nan ka kama ni.

Ɗan Gwiwa a Ƙetare: Gaisuwa ga iyaye da malamai. Ina karatun digiri na uku a waje, a wannan fannin, bari in faɗi abin da na gani. Ni ban fara da babbar kwamfuta ba. Na fara ne da kwas ɗin share fage na H3ABioNet, wata haɗakar masana ta Afirka da aka kafa a 2012 ƙarƙashin shirin H3Africa, Farfesa Nicola Mulder ta Jami'ar Kef Tawun ce ta jagorance ta. Tun 2016 suka fito da wani tsari mai sauƙi: malami na koyarwa ta bidiyo daga nesa, ɗalibai na taruwa a aji a garinsu, da mataimaki ɗaya ko biyu a ɗakin masu duba allon kowa. Wata uku ana yi. Abin da ajin ke buƙata ɗaki ne, da wuta, da intanet, da mutum mai haƙuri. Ranar farko da aka buɗe mana baƙin allon Linux, tsarin da manyan kwamfutocin bincike ke aiki da shi, aka ce mu rubuta umarni, wata baiwar Allah kusa da ni ta ce ita dai a mayar mata da linzaminta. Bayan mako shida ita ke gyara mana kuskure.

Abu na biyu, kuma shi ne ya fi ci min rai. A inda nake, injin da muke aiki da shi yana da ma'aikata uku waɗanda ba su da wani aiki sai shi. Ba sa koyarwa, ba sa duba jarrabawa. Su ke sa manhaja, su ke raba layi, su ke kwafe bayanai kowane dare saboda ko faifai zai mutu, su ke amsa wasiƙarka in aikinka ya faɗi ƙarfe biyu na rana. Ana biyansu da kyau, suna da matakin ƙarin girma nasu. A gida kuwa, wanda ya iya wannan aikin yawanci ƙaramin malami ne da aka ɗora masa a kan kwasa-kwasai biyar, ba alawus, kuma ranar ƙarin girma takardun da ya wallafa kawai za a ƙirga, ba dare nawa ya kwana yana tayar da inji ba. Shekara biyu sai banki ko kamfanin waya su ɗauke shi. Wa zai ga laifinsa?

Tsohon Ma'aikacin Lab: Yawwa. Mai riƙe makullin ke nan da nake tambaya.

Injiniya Arkilla: Na ji, na kuma sassauto. Amma bari in kawo lissafi don kada a ɗauka abin ya fi ƙarfinmu. Ban ce a kawo irin Lengau ba. Inji ɗaya mai ram 256 ko 512 da faifan ajiya mai yawa ya ishi sashe uku su fara, har da akuyoyin Likita in an bi layi. A ce yana jan wat 500. A awa 24 ya ci kilowat-awa 12. Sanyaya ɗakin zai ci kamar haka ko fiye, don a watan Afrilu garin nan yana haura digiri 40. Wannan aikin sola da batir da inbata ne, ba na janareta ba, domin aikin haɗa gado in wuta ta yanke a awa ta talatin, sau da yawa daga farko za ka koma. Rana kuwa Allah ya hore mana, kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato tana nan a Jami'ar Usmanu Danfodiyo tun farkon shekarun 1980, aikinsu ke nan. Ɗaki ƙarami, ba taga, ƙofa biyu saboda ƙura, a riƙa wanke matatar iska duk mako a lokacin hunturu. Ba gini mai hawa uku ake nema ba.

Baba Farfesa: Gini mai hawa ukku shi ka samun kuɗi, ɗana, don shi aka gani daga titi. TETFund na ba da kuɗin gini da kayan aiki da bincike da horon malamai, amma albashin ma'aikaci na dindindin ba hurumin asusun ba na, jami'a ka ɗauka. Shi ya sa duk takardar neman inji da ba ta zo da sunan muƙamin mai kula da shi da kuɗin batir na shekara biyar ba, in ni ad bisa kujera, ba ni sa hannu. Kuma ku tambayi inda anka kwana kan NgREN, layin da anka ƙaddamar 2014 don haɗa jami'o'in tarayya 27. In layin ga na da ƙarfi, ba dole kowace jami'a ta sayi nata inji ba. Guda na iya zama Sakkwato, Birnin Kebbi da Gusau su shigo ta waya.

Lauya Minannata: Ku ba ni dama in sa baki ta ɓangarena. Hajiya ta ce a ɗora a Galaxy, ga bakteriya ba matsala. Amma in bayanan gadon mutane ne, misali masu aiki a kan sikila, a yi taka-tsantsan. Gadon mutum ba nasa ne shi kaɗai ba, yana fallasa iyayensa da 'ya'yansa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan gado da na lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma fitar da su ƙasar waje yana da sharuɗɗa. In takardar amincewar da majiyyaci ya sa wa hannu ba ta ambaci haka ba, ɗalibi bai da ikon ɗora su ko'ina, balle ya tura wa wani mai karɓar kuɗi ta WhatsApp. Wannan kaɗai ya isa hujjar a sami inji a gida.

Likitan Dabbobi: Allah ya saka, Barista. Akuyata ba ta sa hannu a takarda, amma na samu abokin tafiya.

Ɗan Gidan Igwai: Tambaya ta gaskiya yanzu, ba wasa. Ni ɗan sashen kwamfuta ne. Na iya Python, na iya Linux, amma rabona da bayoloji tun sakandare. Ina da wuri a nan?

Ɗan Gwiwa a Ƙetare: Kai ake nema ma. Sikila da Barista ya ambata, harafi ɗaya ne ya sauya a ƙwayar gadon HBB mai gina wani sashe na sinadarin jini, GAG ya koma GTG, shi ke nan jinin mutum ya canza har ƙarshen rayuwarsa. Nemo irin wannan harafi ɗaya cikin biliyan 3 aikin mai rubuta manhaja ne, fassara ma'anarsa aikin mai ilimin halitta. Matsalar ita ce an raba ku tun aji ɗaya. Ɗan bayoloji ya gudo daga lissafi, ɗan kwamfuta ya gudo daga zanen ƙwaro, sai a digiri na biyu a ce su haɗu. In kuma aka ce a buɗe kwas na haɗin gwiwa, sai sassa su shekara suna jan wane ne zai mallake shi. A Ede ta jihar Osun, cibiyar ACEGID ta Farfesa Christian Happi ta fitar da gadon ƙwayar korona na farko a Afirka a watan Maris 2020, kwanaki kaɗan bayan samun mai cutar na farko a Legas. Sun iya hakan ne don sun shekara suna tara irinka da irin 'Yar Mabera a ɗaki ɗaya tun zamanin Ebola.

Malam Mai Shakka: Har yanzu ina nan kan bakana game da ruwan famfo. Amma in za a yi ajin, a sa sunana. Ina son in ga baƙin allon nan da idona.

Hajiya Dakta: To ga abin da zan iya. Asabar, ƙarfe goma zuwa azahar, mako takwas. Darussan Software Carpentry kyauta ne, da su za mu fara: Linux, sai R ta nazarin alƙaluma, sai mu gangaro kan bayanan gaske. Ba satifiket, ba kuɗin mota, kada wani ya zo yana tambayar alawus. Ɗan Gidan Igwai, kai ne mataimaki. Injiniya, inbata da abin jona caji mai baki da yawa. Mutum goma sha biyar kawai zan iya dubawa.

Injiniya Arkilla: An gama Hajiya. Ni kuma zan rubuta takardar injin, Baba Farfesa ya duba min kafin a kai ko'ina. Shafin farko muƙamin mai kula zan sa.

Baba Farfesa: Ka kawo ta gida bayan la'asar. Ka zo da jan biro naka, nawa ya ƙare.

'Yar Mabera: Salam, na dawo bayan kwana tara. Mama, na bi yadda kika ce, na ɗora duka 24 ɗin da dare, datar da na ƙona Allah kaɗai ya sani. Guda 23 sun haɗu lafiya, kowanne tsakanin haruffa miliyan 5 da miliyan 5 da rabi, kuma ResFinder ya nuna ƙwayar gadon bijire wa magani ta CTX-M-15 a da yawa daga cikinsu, har na yi ihu cikin dare ƙanena ya fito da tocila. Amma samfuri na 17 ya ba ni haruffa sama da miliyan 10, gutsattsari fiye da dubu. Na sake yi, haka ya sake fitowa. Injin ne ya yi kuskure?

Hajiya Dakta: Injin lafiyarsa lau. Ƙwaya biyu ce a faranti ɗaya, 'yata. Ki ɗauki manyan gutsattsari biyar ki sa a BLAST, za ki ga sunaye biyu daban. Ki koma firiza ki ciro na 17 ki sake shuka shi, ki tsinci ɗigo ɗaya tak.

Malam Mai Shakka: Me na ce muku game da faranti?

'Yar Mabera: Malam ka yi haƙuri, ranar fitilar lab ɗin ce ta mutu. Mama, firizar ta narke sau biyu a watan jiya, in na 17 bai tashi ba in rubuta 23 kawai, ko in faɗi abin da ya faru da shi?

Hajiya Dakta: Ki rubuta 23, ki faɗi abin da ya sami na 17 a babi na uku. Ki zo da laftof ɗin ranar Asabar, da shi za mu buɗe aji.